Muhawarar 'Yan Kallo Bayan Wasan Ƙwallo: Awon Hukuncinsu Bisa Wasannin Nijeriya Uku a Rasha

1. Abin da takardar ta ƙunsa

Wasan ƙwallon ƙafa, wanda dattawa su ke kira tamaula, minti 90 a ke yinsa, amma maganar da ke biyo bayansa ta kan kai mako guda ba ta ƙare ba. Da alƙalin wasa ya busa tashi, sai wani wasan ya soma a ƙofar gidan kallo, da teburin mai shayi, da majalisun bakin titi, da shirye-shiryen gidajen rediyo inda masu sauraro ke bugo waya. A nan ne a ke tuhumar koci bisa mutanen da ya zaɓa, a bi 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, a ɗaga wannan, a ka da wancan. Mutane da yawa sun ɗauki wannan magana hirar marasa aikin yi ce kawai. Amma wanda ya kasa kunne da kyau zai tarar tana da tsari nata, da kalmominta, da hanyoyin kafa hujja waɗanda ba su sakewa daga wannan majalisa zuwa waccan. Abin da ke da tsari kuwa ya cancanci a auna shi, kamar yadda a ke auna waƙa ko tatsuniya.

Abin da takardar nan ta ke so ta nuna shi ne, muhawarar ta kan dace da gaskiya sa'ad da ta dubi yadda aka jera mutum 11 a fili, ta kan kuma kauce sa'ad da ta tattara dukan wasan ta ɗora bisa kan mutum ɗaya. Don kada maganar ta tsaya a iska, za a gwada ta da wasanni uku waɗanda ƙungiyar Nijeriya ta yi a gasar cin kofin duniya ta 2018 a ƙasar Rasha, watau da Kuroshiya, da Aisilan, da Ajantina. An zaɓe su ne domin cikin kwana 11 kacal 'yan kallo sun yanke hukunci sau uku, lokaci kuma ya riga ya nuna wanda ya tsaya da wanda ya rushe.

2. Kayan aikin mai muhawara

Ba a wurin ƙwallo Bahaushe ya koyi sharhin wasa ba. Tun kafin Turawa su kawo ta akwai dambe da kokawa, akwai kuma bakin da ya ke tafiya tare da su. Ɗan dambe yana da kirarinsa, makaɗi yana wasa shi, abokin karonsa kuwa a bi shi da zambo ko habaici. Waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago ta isa misali ga duk wanda ya san waƙoƙin maza. A fagen dambe wannan awo daidai ya ke, gama mutum biyu ne su ka shiga. Wanda ya yi kisa, hannunsa ne ya yi, wanda ya faɗi kuma ba shi da wani da zai ɗora wa laifi.

Ƙwallo ba haka ta ke ba. Kafin ta shiga raga ta bi ta ƙafafu da yawa, kafin a ci gida kuma mutum uku ko huɗu sun riga sun bar wurarensu. Amma bakin da ya saba da kirari da zambo mutum ɗaya ya ke nema, don haka tambayoyin majalisa su kan koma biyu: wa ya ci mana, wa kuma ya kashe mu? Wannan hali ba na Hausawa ba ne su kaɗai, ana samunsa ko'ina a ke buga ƙwallo. Sai dai Hausa ta tarar da shi da kayan aiki a shirye, shi ya sa yabon ya kan fito da zaƙi, zagin kuma ya fito da dafi.

Kayan aiki na biyu cikin nahawu ya ke. Hausa tana da hanyoyi biyu na kafa sharaɗi. Ɗaya da "in" ko "idan", kamar a ce, "In aka sa wane ranar Juma'a, za a ci." Ɗaya kuma da "da", kamar a ce, "Da an sa wane, da an ci." A kunne sun yi kama, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Mai maganar farko ya sa wuyansa, gama Juma'a za ta zo, kowa ya ga ko ya faɗi daidai. Mai magana ta biyu ba shi da ranar hisabi, domin wasan da ya ke kwatantawa ba a yi shi ba, ba kuwa za a yi shi ba har abada. Shi ya sa Hausawa su ka ce da na sani ƙeya ce. Daga wannan "da" ne a ke samun wani gwani wanda ba ya kuskure, watau mutumin da ke zaune a benci. Bai ɓarar da ƙwallo ba, bai yi satar gida ba, ba a yanke shi an wuce ba. Duk wasan da aka sha kashi ba da shi ba, darajarsa ƙaruwa ta ke yi.

Akwai kuma wani abu da ya kamata malamai su lura da shi. Majalisar ƙwallo tana cikin 'yan wuraren da yaro ya ke iya ja da babba ba a ce ya yi rashin kunya ba. Ya kan fara da "Baba, a gafarce ni," ko "Haba Alhaji, ai ka ga abin da ya faru," sa'an nan ya kawo hujjarsa, dattijo kuma ya saurara ya mayar. Gardama mai ladabi irin wannan ba ƙaramar gona ba ce ga mai koyar da tunani.

3. Hukunci na farko: bayan wasa da Kuroshiya

Ranar Asabar, 16 ga Yuni, aka kara a birnin Kaliningrad. Kocin Nijeriya a lokacin shi ne Gernot Rohr, Bajamushe, wanda ya karɓi aikin a 2016 bayan ya horad da ƙungiyoyin Gabon da Nijar da Burkina Faso. Ya sa Francis Uzoho, yaro ɗan shekara 19, a raga. Ya jera mutum huɗu a baya: Shehu Abdullahi, William Troost-Ekong, Leon Balogun da Brian Idowu. Wilfred Ndidi da Oghenekaro Etebo su na tsakiya, gabansu Victor Moses da Mikel Obi da Alex Iwobi, Odion Ighalo kuma shi kaɗai a gaba. Ahmed Musa yana benci, sai a minti na 62 ya canji Iwobi. Aka ci Nijeriya 2 da babu. Ta farko a minti na 32, aka bugo kwana, ƙwallo ta taɓi Etebo ta shige gidansu. Ta biyu a minti na 71, Troost-Ekong ya rungume Mandzukic lokacin wata kwanar, aka ba da fenariti, Luka Modric ya ci.

Maganar da ta biyo baya ta tsaya bisa kawuna uku. Na ɗaya, an sa Mikel gaba da yawa, alhali kuwa shekarun da ya yi a Chelsea, daga 2006 zuwa 2017, a gaban 'yan baya ya yi su. Na biyu, an bar Ighalo shi kaɗai, ga Musa mai gudu yana zaune. Na uku, ƙungiyar ta fi kyau da mutum uku a baya. Lalle wannan muhawara tana da ƙarfi, ƙarfinta kuwa daga abu biyu ya fito. Da fari dai da "in" aka yi ta, gama da sauran wasa biyu a gaba, kowa kuma ya san za a gwada maganarsa. Sa'an nan ba a yi ta da baki kawai ba, an kawo shaida. Mako biyu kafin nan, ranar 2 ga Yuni, a wasan sada zumunci da Ingila a Wembley, an ci Nijeriya biyu kafin hutun rabin lokaci, da aka koma da mutum uku a baya sai wasa ya sake, Iwobi ya rama ɗaya. Musa kuma ya ci Ajantina biyu a gasar 2014, ya kuma yi shekaru yana wasa a CSKA ta Mosko, filayen Rasha ba baƙinsa ba ne.

Duk da haka akwai raunin da majalisa ba ta gani ba. Ƙwallayen nan biyu daga kwana su ka fito, watau daga rashin iya tsare mutum sa'ad da ƙwallo ta ke tahowa ta sama. Wannan ciwo ne wanda gudun Musa ba ya maganinsa. Har wa yau ba a auna abokin karo daidai ba. An yi ta magana kamar wata ƙaramar ƙungiya ce ta ci Nijeriya, amma bayan kwana biyar Kuroshiya ta ci Ajantina 3 da babu, ta kuma yi ta tafiya har wasan ƙarshe, inda Faransa ta doke ta 4 da 2, aka ba Modric kyautar gwanin gasar.

A majalisun Arewa kiran a sa Musa ya haɗu da son na gida, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. A Jos aka haife shi, a Kano Pillars ya yi suna, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar da ta ƙare a 2010, ya fi kowa a gasar ƙasa. Son na gida ba ya ɓata hujja in hujjar tana nan. Amma ga inda a ke gane mai gaskiya. Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato, shi ma tsohon ɗan Pillars ne, tsarin mutum uku a baya kuwa, wanda a ke ta roƙo, shi ne ya fitar da shi daga cikin 11. Wanda ya nemi tsarin ya kuma yarda da abin da tsarin ya ci, ƙwallo ya ke duba. Wanda ya nemi tsarin sa'an nan ya yi fushi don an cire Shehu, garinsu ya ke duba.

4. Hukunci na biyu: bayan wasa da Aisilan

Ranar Juma'a, 22 ga Yuni, a Volgograd, Rohr ya yi kusan duk abin da aka roƙa. Ya sa Kenneth Omeruo ya zama na uku a baya, ya mai da Moses gefen dama yana hawa yana sauka, ya ja Mikel baya, ya haɗa Musa da Kelechi Iheanacho a gaba. Shehu da Iwobi da Ighalo su ka koma benci. Musa ya ci a minti na 49, ya ƙara a minti na 75, aka tashi 2 da babu. Da wannan ya cika ƙwallo huɗu a gasar cin kofin duniya, abin da babu ɗan Nijeriyar da ya taɓa yi.

A daren nan majalisa ta ci gari, kowa yana cewa ai ya faɗa. Haƙiƙa kuwa sun faɗa, tilas a ba su haƙƙinsu. Amma mai awo ba ya tsayawa nan, sai ya tambaya: an yi daidai, to, don dalilin da aka faɗa ne? Rabin lokaci na farko, da Musa da Iheanacho duk su na cikin fili, Nijeriya ba ta kai hari ko ɗaya ga ragar Aisilan ba. Da a ce alƙali ya busa tashi a minti na 45, da bakin da ya yi kirari shi ne zai yi zambo. Ƙwallon farko kuma Moses ne ya kwaso ta da gudu ta gefen dama ya bugo, Musa ya tare ya ɗaɗa. Moses bai sami wannan fili ba sai don an tsayar da mutum uku a bayansa. Ta biyu Omeruo ne ya cillo ta daga nesa, shi ma sabon shiga ne a ranar. Gwanintar Musa a wurare biyun nan ba ta da musu, musamman yadda ya tsere wa ɗan baya ya yanke gola a ta biyu. Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A minti na 83 kuma aka ba Aisilan fenariti, Gylfi Sigurdsson ya buga ta bi ta saman raga. Da ta shiga, da mintocin ƙarshe sun zama wani labari.

Ke nan hukuncin da aka yanke bayan wasan farko tsari ya duba, ya kuwa tabbata. Amma da aka zo rabon lada sai aka manta da tsarin, aka miƙa wa mutum ɗaya duka, kamar yadda a ke yi wa ɗan damben da ya yi kisa. Wannan mantuwa ba ta cuci kowa a ranar ba, domin yabo ne. Illarta sai bayan kwana huɗu ta fito, sa'ad da aka ɗauki ma'aunin nan ɗaya aka auna faɗuwa da shi.

5. Hukunci na uku: bayan wasa da Ajantina

Ranar Talata, 26 ga Yuni, aka haɗu a Saint Petersburg. Sau huɗu ke nan ƙasashen nan su na karawa a gasar cin kofin duniya kafin ranar, a 1994 da 2002 da 2010 da 2014, kowane karo kuma Ajantina ta ke ci da ratar ƙwallo ɗaya. Yadda sauran wasannin rukunin su ka kasance, kunnen doki ya ishi Nijeriya ta wuce. Rohr ya sake sa mutanen da su ka fara wasa da Aisilan. Messi ya ci a minti na 14. Da aka dawo daga hutu Ighalo ya canji Iheanacho. A minti na 51 Moses ya rama da fenariti, bayan Mascherano ya riƙe Balogun lokacin kwana. Daga nan Nijeriya ta sami dama biyu manya, duk a ƙafar Ighalo. A ta farko Marcos Rojo ya sa kai, ƙwallo ta sauka bisa hannunsa, ta faɗo gaban Ighalo, ya buga ta fita waje. Alƙalin wasa, Cuneyt Cakir na Turkiyya, ya je ya dubi hoton bidiyo, ya ce babu fenariti. A ta biyu gola Armani ya tare. A minti na 86 Mercado ya bugo daga dama, Rojo ya ɗaɗa ta cikin raga, aka tashi 2 da 1, Nijeriya ta fita.

Yanzu babu sauran wasa a gaba, saboda haka "in" ta ɓace daga bakin majalisa, "da" ta gaje wurin. Mutum uku aka gurfanar: alƙali, da koci, da Ighalo.

Ƙarar da aka kai alƙali ita ce mafi rauni, ko da ya ke ita ta fi daɗin faɗi. Dokar da a ke bi a lokacin ta ce sai an taɓa ƙwallo da hannu da gangan a ke hukunci, wannan kuwa daga kan Rojo ta zame ta sami hannunsa. Ana iya jayayya da fahimtar alƙalin, amma wanda ya ce an haɗa baki ne don a raya Messi, tilas ya bayyana dalilin da ya sa alƙalin nan dai ya ba Nijeriya fenariti tun da fari, bisa irin riƙon da aka hukunta Troost-Ekong a kansa kwana 10 da su ka wuce. Majalisa ba ta cika tuna alherin wanda ta ke tuhuma ba.

Ƙarar da aka kai koci ita ce mafi ƙarfi. Daga minti na 51 har na 86 Nijeriya tana riƙe da abin da ta zo nema, 'yan wasa su na gajiya, Ajantina tana turo mutane gaba, amma Rohr bai sake yin canji ba sai a minti na 90, bayan an riga an ci. Rojo ɗan baya ne, ga shi har cikin da'irar gola, ya buga da ƙafar dama wadda ba ita ce gwanarsa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya tambayi wa ya bar Mercado ya bugo, wa ya kamata ya bi Rojo, me ya hana a kawo sabuwar ƙafa ta toshe tsakiya, tambayar tsari ya ke yi. Ko da ya ke da "da" aka yi ta, ba ihu bayan hari ba ce, gama ana iya ɗaukar darasinta a kai wani wasan.

Amma ba a kan koci fushi ya sauka ba, a kan Ighalo ya sauka. Dalili kuwa a fili ya ke. Kuskuren tsari ba ya da fuska, ba a iya nuna shi da yatsa, ɓarar da ƙwallo kuwa kowa ya gani, aka kuma maimaita masa hoton har ya haddace. Abin da ba a lura da shi ba shi ne, ɗan gaba ba ya ɓarar da dama sai ya kai kansa wurin da damar ta ke. Wanda bai iso wurin ba ba ya shiga hoto, don haka ba ya shiga zambo. Wannan ba ya wanke Ighalo, gama aikinsa ne ya ci, bai kuwa ci ba. Daidai ne a ce ya ɓarar da dama biyu. A ce shi ya fitar da ƙasa daga gasa, wannan awon dambe ne aka kawo filin mutum 11.

6. Abin da lokaci ya nuna

Zambon bai tsaya a majalisa ba. Ighalo da kansa ya bayyana cewa an yi ta aika masa da barazanar kisa, shi da iyalinsa, har ya yi niyyar barin ƙungiyar ƙasa, Rohr ne ya lallashe shi ya zauna. Da ya zauna, shi ya fi kowa ci a wasannin neman shiga gasar cin kofin Afirka ta 2019, da ƙwallo 7, uku daga ciki a wasa ɗaya da Libiya a Uyo. A gasar kanta, a Masar, ya ci 5, ya sake fin kowa, tasa ce kuma ta ba Nijeriya matsayi na uku a kan Tunisiya. Da an bi hukuncin majalisa an kore shi, da ƙwallayen nan 12 ba a san inda za su fito ba.

Akwai kuma abin da ɗan kallo ba ya iya gani ko kaɗan. Bayan an dawo gida aka ji cewa sa'o'i kaɗan kafin wasa da Ajantina aka gaya wa Mikel masu garkuwa sun kama mahaifinsa, aka kuma gargaɗe shi kada ya faɗa wa kowa. Ya yi shiru, ya jagoranci ƙungiya har aka tashi. Duk wanda ya auna wasansa a daren nan, ya auna ne bai san nauyin da mutumin ya ke ɗauke da shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Halin bai gushe ba. Ranar 11 ga Fabrairu, 2024, Kwaddibuwa ta ci Nijeriya 2 da 1 a wasan ƙarshe na cin kofin Afirka a Abijan, aka tasa Alex Iwobi gaba da zagi kamar shi kaɗai ya shiga fili. Cikin waɗanda su ka fito su ka roƙi jama'a su bari har da Ahmed Musa, watau mutumin da aka yi wa kirari a 2018 sa'ad da ya karɓi wurin Iwobin. Wanda ya sha yabon majalisa ya fi kowa sanin cewa da ma'auni ɗaya a ke awon yabon da zagin.

7. Amfanin wannan ga malaman makaranta

In aka tara hukunce-hukuncen nan uku, za a ga na farko ya tsaya, domin tsari ya duba, da shaida aka kafa shi, an kuma yi shi tun da sauran damar a ƙaryata shi. Na biyu gaskiya ne amma an tauye rabonsa. Na uku ya rabu biyu, rabin da ya dubi jinkirin canji yana da amfani, rabin da ya nemi mutum ɗaya ya rushe cikin shekara guda, bayan ya cuci wanda aka ɗora masa.

Malamin da ke horad da malamai yana da abin ɗauka a nan. Yara da yawa waɗanda ba su iya buɗe baki a aji in an tambaye su ra'ayinsu bisa wani littafi, su ne ke kafa hujja da ƙarfi a ƙofar gidan kallo. Ashe iya gardama suna da ita, horo ne babu. Ana iya sa ɗalibai su rubuta mutum 11 da su ke so a sa, da dalilinsu, tun kafin wasa, malam ya karɓa ya ajiye, bayan wasa a buɗe a karanta. Wannan zai koya musu bambancin "in" da "da" fiye da darasin nahawu na mako guda. Ana kuma iya rubuta wata muhawara da aka ji a rediyo, a sa su ware jimlolinta: wannan labarin abin da aka gani ne, wannan hukunci ne, wannan kuma zato ne. Za su yi mamakin ƙarancin kashi na farko. Sa'an nan a tambaye su, bisa kowace ƙwallo da aka ci, su koma baya su ƙirga ƙafafun da ta bi, da mutanen da su ka bar wurarensu, kafin su ambaci sunan gwani ko na mai laifi.

Ɗalibin da ya saba da wannan a sha'anin ƙwallo zai kai shi ga sharhin littafi, da nazarin tarihi, da shari'ar da zai riƙa yi tsakanin yara in ya kama aji nasa. Kirari da zambo kuwa ba a ce a zubar da su ba, gama suna cikin adon harshe, majalisar da babu su kuma ba za ta yi daɗin zama ba. Abin da a ke bukata shi ne mai magana ya san lokacin da ya ke kirari da lokacin da ya ke hukunci, kada ya ba da ɗaya a madadin ɗaya, domin wanda a ke yanke wa hukuncin mutum ne mai iyali, yana kuwa jin abin da a ke faɗa.